Imanin Yaro da Idon Jama'a a Adabin Bauchi: Daga Shaihu Umar zuwa Sa'adu Zungur

Duk mai nazarin tarihin Bauchi zai tarar da cewa da yaro ɗalibi labarin ya soma. Yakubu, wanda ya kafa birnin a farkon ƙarni na 19, tun yana ƙarami aka damƙa shi ga malami, har tafiyar neman ilimi ta kai shi gaban Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, daga bisani ya komo da tuta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da muka ga fitaccen ƙagaggen labarin da ya fito daga wannan gari ya ginu a kan yaron da aka raba da gida, addini ya rene shi.

A shekarar 1933 ne Hukumar Talifi ta Zariya, ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Idon Matambayi da Jiki Magayi da kuma Shaihu Umar. Marubucin na ƙarshen, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, a lokacin matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, bai daɗe da barin Kwalejin Katsina ba, ya koma Bauchi yana koyarwa a Midil. Sauran abokan gasarsa sun fi karkata ga raha da abin al'ajabi da jaruntaka. Shi kuwa sai ya ɗauko bauta.

Mu dubi yadda ya tsara rayuwar Umar. An haife shi a Kagara, uba ya rasu, uwa ta auri Makau, hassadar fadawa ta sa aka kori Makau daga gari. Aka sace yaron, ya bi hannu-hannu har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi tamkar ɗa, ya ƙetare Sahara da shi zuwa Ber Kufa. A can ya sauke Alƙur'ani, ya zurfafa a ilimi, har ya gaji kujerar malaminsa. Abin lura a nan shi ne, Umar bai zaɓi komai ba. Ba shi ya zaɓi gari ba, ba shi ya zaɓi uban riƙo ba, ba shi ya zaɓi allo ba. Amma marubucin bai nuna karatun a matsayin ƙangi ba. Shi ne ma kaɗai abin da babu wanda ya iya ƙwace wa yaron.

To, ina matsin yake? A ganinmu yana wajen uwar. Ita ce ta bar ɗaki ta shiga duniya neman ɗanta, wani mai suna Ado ya yaudare ta ya bautar da ita, ta kai ƙara gaban alƙali a Murzuk, hukunci ya ba ta gaskiya, amma bai hana a sayar da ita a Tarabulus ba. Masu wannan aika-aika ba arna ba ne, masu salla ne, kuma jama'ar da ke kewaye da su ba ta ga abin kunya a ciki ba. Ɓalewa bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ya bar Shaihu yana ba almajiransa labari a Rauta cikin natsuwa da tawakkali, mai karatu kuma ya yi wa kansa hisabi. Wasu manazarta na ganin wannan sanyi kamar miƙa wuya ne ga ƙaddara. Mu dai muna ganin dabarar ɗan boko ce wanda ya san malaman zaure na saurarensa, Turawa kuma na duba rubutunsa kafin a buga.

Malam Sa'adu Zungur bai iya irin wannan lallami ba. Ɗan gidan malamai ne a Bauchi, ya yi karatun addini mai zurfi kafin ya je Katsina da Yaba, don haka babu mai iya ce masa bai san littafi ba. Da wannan makami ya fuskanci al'adun da aka lulluɓe da rigar addini, musamman a Waƙar Bidi'a. Shi da Malam Aminu Kano, wanda ya zo koyarwa Bauchi a 1942, da Ɓalewa kansa, sun haɗu a dandalin muhawara na garin a shekarun 1940, inda aka riƙa tambayar abin da a da ba a tambaya. Har ya rasu a 1958 bai sassauta ba.

Jigon bai tsaya a Bauchi ba. A Senegal, Cheikh Hamidou Kane ya fitar da labarin Samba Diallo a 1961, yaron da aka cire daga hannun malamin allo aka kai makarantar Faransawa, zuciyarsa ta rabu biyu. A Kano kuma Balaraba Ramat Yakubu, cikin Wa Zai Auri Jahila? na 1990, ta juyo da tambayar kan 'ya mace wadda aka fitar daga aji saboda surutun mutane aka yi mata aure. A nan matsin ya fito fili, yana da baki, yana zaune a ƙofar gida.

Shaihu Umar kuwa ya ci gaba da tafiya bayan kashe marubucinsa a Janairun 1966. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Fim ɗin ya daɗe ba a ganinsa, sai da aka gyara shi aka nuna a bikin fina-finai na Balin a 2018.