Asalin Ekklisiyar Wusasa

A shekarar 1900 wasu Turawan mishan na CMS suka taso daga Legas, Bishop Tugwell na jagorantarsu, suka isa Kano. Sarki Alu bai yi wata-wata ba ya sallame su, suka juyo ƙasar Zazzau suka yada zango a Girku. A cikinsu akwai wani matashin likita, Walter Miller (Likita Mila), wanda ya naƙalci Hausa har ana mamakin bakinsa.

A 1905 Likita Mila ya sami wuri cikin birnin Zariya, zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi, ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta. Masu bi dai ba su taka kara sun karya ba, sai da Isawa suka zo. Su kuwa almajiran Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano da aka kashe saboda yadda yake ɗaukaka Annabi Isa, mabiyansa suka watse. A 1913 wasunsu suka nemi Mila, aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ciwon barci ya shiga ƙauyen, ya yi mummunar ɓarna.

Cikin birni ma zaman bai yi daɗi ba. Fada ba ta saki jiki da mishan a tsakiyar Musulmi ba, Turawan mulki kuma ba sa son abin da zai ɓata tsakaninsu da sarakuna. Aka daidaita a kan su fita bayan ganuwa, zuwa gindin duwatsun Wusasa, a 1929.

Fitar nan ita ta zama alheri. Da hankali ya kwanta, magina Hausawa suka tayar da majami'ar St. Bartholomew da jar ƙasa, da bakan gizo irin na soron sarakuna, tana nan tsaye har yau. Asibitin mishan na St. Luke ya karɓi Musulmi da Kirista ba tambaya. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Mila ya daɗe yana fama da shi.

Ɗan ƙaramin garin nan ya ba Arewa likitanta na farko, R.A.B. Dikko, da Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. A nan kuma Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa.