Tarihin Auna Ƙarfin Ƙa'idojin Lissafi a kan Abubuwa Marasa Iyaka

Auna ƙarfin ƙa'idoji reshe ne na ilimin manɗiƙin lissafi, kuma tambayarsa guda ce: idan an tabbatar da wata ƙa'ida, waɗanne tubalai ne hujjar ba za ta tsaya ba sai da su? Tubali a nan shi ne maganar da aka yarda da ita tun farko, ba a nemar mata hujja. Inda wannan tambaya ta fi haifar da abin mamaki shi ne fannin jera abubuwa da haɗa su in yawansu ba shi da iyaka, sai kuma fannin zanen ɗigo da layi, wanda a cikinsa ɗigo ke tsayawa a madadin abu, layi kuma a madadin alaƙar da ke tsakanin abubuwa biyu.

Jera lambobi bisa tsari tsohon ilimi ne a ƙasar Hausa, domin hatimi ma aikin lissafi ne. A 1732 Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake cika hatimai masu gida uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, ta yadda jimlar kowane layi za ta zo daidai. Ya rasu a Alƙahira a 1741. A tsakanin shekarun nan, a 1736, Leonhard Euler ya warware matsalar gadoji bakwai na birnin Königsberg, aikin da ake ɗauka a matsayin mafarin ilimin ɗigo da layi. Duka biyun a kan abu mai iyaka suka yi aiki, irin wanda mai haƙuri zai iya ƙirga shi ya gama.

Abin ya sauya a 1927, lokacin da Dénes König na Budapest ya buga ƙa'idarsa ta bishiya. Ma'anarta da misalin zuriya ita ce: idan kowane mutum 'ya'yansa ƙirgaggu ne, amma zuriyar kakan farko ba ta da ƙarshe, to lalle akwai salsala ɗaya, daga uba zuwa ɗa, wadda ba ta yankewa har abada. Hujjar gajeriya ce. A cikin 'ya'yan kakan dole a sami wanda zuriyarsa ba ta da ƙarshe, sai a zaɓe shi, a sake yin haka a cikin nasa 'ya'yan, a yi ta tafiya. Amma ta yaya za a gane wane ɗa ne wannan? Ƙirga ba ta isa ta nuna shi ba, don reshen da ya kai jikoki dubu yana iya yankewa a na dubu da ɗaya. Daga wannan ɗan giɓi ne kusan duk fannin ya tsiro.

A 1930 aka buga ƙa'idar Frank Ramsey na Cambridge, wanda ya rasu a farkon shekarar yana da shekara 26. Ƙaramin misalinta sananne ne: a cikin kowane mutum shida da suka haɗu, ko dai a sami uku da duk sun san juna, ko uku da babu wanda ya san wani. In taron ba shi da iyaka, za a sami rukuni marar iyaka da duk sun san juna, ko wanda duk baƙin juna ne.

Ƙa'ida ta uku, ta Nicolaas de Bruijn da Paul Erdős ta 1951, ta fi sauƙin gani a karkarar arewacin Kano, wajen Dawakin Tofa da Bichi da Minjibir da Dambatta, inda gona ke manne da gona, babu daji a tsakani sai layin gamba ko shingen aguwa ko burtali. A ɗauka kowace gona ɗigo ce, a ja layi tsakanin duk biyun da suka haɗa iyaka. A ce ana son kowace gona ta ɗauki shuka ɗaya cikin gero, dawa, gyaɗa da wake, kada maƙwabta biyu su yi iri ɗaya. Ƙa'idar ta ce ko da gonakin ba su da ƙarshe, muddin kowane yanki mai iyaka yana rabuwa haka, to dukan filin ma zai rabu.

Bayan aikin Kurt Gödel na 1931 da na Alan Turing na 1936, masana suka sami hanyar tambayar ko kwamfuta za ta iya gano abin da irin waɗannan ƙa'idoji suka ce akwai shi. Amsar ta zo da a'a. Stephen Kleene ya gina bishiya marar iyaka wadda kwamfuta ke iya zana ta, amma babu kwamfutar da za ta iya bin reshenta marar yankewa. Ernst Specker ya nuna irin haka ga ƙa'idar Ramsey a 1971, Carl Jockusch ya zurfafa shi a 1972. A 1976 Dwight Bean ya kawo zane shimfiɗaɗɗe wanda launi uku, tamkar shuka iri uku a misalin gonaki, sun ishe shi, amma kwamfuta ba za ta iya raba masa launi ba ko nawa aka ƙayyade mata.

Harvey Friedman ne ya mai da waɗannan sakamako tsari guda, a jawabinsa na taron masana lissafi na duniya a Vancouver ta Kanada a 1974. Dabararsa ita ce a juya hujja: bayan an fitar da ƙa'ida daga tubali, sai a koma a fitar da tubalin daga ƙa'idar. In hakan ya yiwu, an san ƙarfinsu ɗaya, ba ragi ba ƙari. Stephen Simpson da ɗalibansa suka ɗauki aikin, kuma littafinsa na 1999 ya nuna cewa galibin ƙa'idojin da aka gwada suna faɗawa cikin matakai biyar: RCA0, WKL0, ACA0, ATR0 da Π11-CA0. Na farko shi ne abin da kwamfuta ke iya yi. Na biyu ƙa'idar König ce in kowane reshe hagu ko dama kawai yake rabuwa, kuma a nan ƙa'idar gonaki ta zauna. Cikakkiyar ƙa'idar König, inda ba a san tun farko iyakar wurin neman 'ya'yan reshe ba, ta hau mataki na uku, wanda ƙarfinsa ya kai na sanin ko aikin kwamfuta zai tsaya ko ba zai tsaya ba. Ƙa'idar Ramsey ta rukunin abubuwa uku-uku ma a nan take.

Ramsey ta biyu-biyu, wato ta sanin juna, ita ce ta ƙi shiga layi, kuma labarinta ya fi kowanne daɗi a fannin. Hujjar da aka saba kawo mata iri ɗaya ce da ta uku-uku, don haka ana iya zaton ƙarfinsu ɗaya. David Seetapun ya rushe wannan zato, a aikin da ya fito a 1995 tare da Theodore Slaman: ba ta kai mataki na uku ba. Sai tambaya ta koma ko ta ƙunshi na biyu. Peter Cholak da Jockusch da Slaman sun yi mata dogon nazari a 2001, tambayar ba ta warware ba. Wanda ya warware ta ɗalibin digirin farko ne a wata jami'a da ke Changsha ta ƙasar Sin, Liu Jiayi, wanda aka fi sani da Liu Lu, aka buga aikinsa a 2012: ba ta ƙunshi mataki na biyu ba, kuma tun kafin nan an san shi ma bai ƙunshe ta ba. A gefen matakan take tsaye. Daga baya Ludovic Patey da Keita Yokoyama suka nuna, a aikin da ya fito a 2018, cewa duk da maganar rukuni marar iyaka da take yi, ba ta ƙara wata sabuwar gaskiya a kan sauƙaƙan maganganun lambobi fiye da abin da matakin farko ke bayarwa. Wannan ya cancanci a tsaya a kansa, domin ya nuna cewa ambaton abu marar iyaka a cikin hujja ba kullum yake da tsada ba.

A can sama kuma akasin haka aka gani. Ƙa'idar Joseph Kruskal ta 1960 a kan bishiyoyi masu iyaka take magana: a kowane jerinsu marar ƙarewa, akwai wata da za ta shige cikin wata da ta zo bayanta. Friedman ya nuna mataki na huɗu bai isa ya tabbatar da ita ba. Babbar ƙa'idar Neil Robertson da Paul Seymour, wadda hujjarta ta ci maƙala ashirin daga 1983 zuwa 2004, ta faɗaɗa wannan zuwa dukan zanen ɗigo da layi masu iyaka, kuma tun 1987 su biyun tare da Friedman suka nuna ta fi ƙarfin mataki na biyar.

Akwai waɗanda ba a gama auna su ba. Ƙa'idar Neil Hindman ta 1974 ta ce in aka raba wa lambobi launuka ƙirgaggu, za a sami tarin lambobi marar iyaka wanda duk jimlar da aka haɗa daga cikinsa launinta ɗaya. A 1987 Andreas Blass da Jeffry Hirst da Simpson suka nuna ta ƙunshi mataki na uku, kuma tubalin da ya ɗara shi kaɗan ya isa ya tabbatar da ita. Ko mataki na ukun shi kaɗai zai wadatar, har yanzu masana na neman amsa.