Daga farin ƙarfe zuwa baƙar roba

Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara ɗaukar wa kawuna bokiti a wajen wankin mota a Kaduna. Lokacin Fijo ce sarauniyar titi. Tun 1975 aka fara haɗa Peugeot 504 a Kakuri, kuma kwalliyarta duk farin ƙarfe ne: bamba gaba da baya, marfin wili, hannun ƙofa. Kawu yakan ɗiga Brasso a tsumma, ya yi ta murzawa har bambar ta nuna masa fuskarsa, sannan ya miƙe. Ƙarfe ba ya ƙin mai haƙuri. Ko ya dushe, guga na dawo da shi.

Ashe a Turai zamani ya riga ya juya. Renault 5 ta fito a 1972 da bambar roba, Golf GTI kuma ta biyo baya a 1976 da baƙar roba kewaye da bakin kowace taya. Mu robar ba ta iso hannunmu sosai ba sai a shekarun 1990, da motocin Beljiyam suka fara kwararowa ta Kwatano.

Nan sana'ar ta rikice mana. Mu wanke Golf tas, tana jiƙe robar baƙa wuluk, da ta bushe sai ta koma fari-fari kamar ƙafar yaro a hunturu. Mun ɗauka datti ne, muka ƙara Omo, abin ya ƙara muni. Rana ce ke cin fatar robar tana farfasa ta, jar ƙasa ta shige ƙofofin ta zauna, sabulu mai kaifi kuma ya ƙara busar da ita.

Dabaru babu wadda ba a yi ba. Wasu suka shafa Kiwi na takalmi, wasu baƙin mai, wasu man birki. Na birkin nan har yau yana ɓata mini rai, domin in ya taɓa fenti cinye shi yake yi, mai mota kuwa ya biya kuɗinsa da zuciya ɗaya. Sheƙin ma na kwana biyu ne, ƙura ta manne, robar ta fi da muni.

Kawu bai taɓa yarda da su ba. Tsohon buroshin haƙori ya samo, da ruwan sabulu marar ƙarfi. Yakan tsuguna gindin taya, ya bi robar taƙi-taƙi har ruwan ya daina fitowa ja, ya bar ta ta bushe a inuwa, sannan ya shafa man roba na kanti kaɗan, ya goge ragowar da busasshen tsumma. In na yi gaggawa sai ya ce, "Ɗana, koma ka duba ƙarƙashin leɓen, nan ƙasar take ɓuya." In sa yatsa, in fito da shi ja.