Abdulrazak Gurnah da Mai Karatu a Zariya

An haifi Abdulrazak Gurnah a Zanzibar a 1948. Ya bar tsibirin yana saurayi bayan juyin juya halin 1964, ya zauna a Ingila, ya koyar a Jami'ar Kent har ya yi ritaya, kuma a 2021 aka ba shi lambar yabo ta Nobel a fannin adabi. Ɗan Birtaniya ne, da Ingilishi yake rubutu, amma a farkon shekarun 1980 malami ne a Jami'ar Bayero ta Kano. Hujjar wannan maƙala ita ce, ɗalibin Samaru a Zariya yana shiga littattafan Gurnah da mabuɗi a hannunsa, mabuɗin da mai karatu a Landan sai an ara masa, don haka rashin karanta shi a nan asara ce babba.

Mu ɗauki Paradise, wanda ya fito a 1994. Yusuf yana da shekara goma sha biyu mahaifinsa ya miƙa shi ga attajiri Aziz. Yaron yana kiransa kawu, sai daga baya Khalil, yaron kantin Aziz, ya warware masa cewa jinginar da shi aka yi saboda bashi. Yusuf ya bi ayarin fatake zuwa cikin ƙasa, inda wani sarki ya ƙwace musu haja. Da suka dawo, uwargidan Aziz ta ƙwallafa rai a kan Yusuf, har ranar da ya juya zai gudu ta yage masa riga ta baya. Duk wanda ya zauna gaban malam ya biya Suratu Yusuf, ba sai an yi masa sharhi ba. Ya san shaidar da yagaggiyar riga take bayarwa, zai kuma ji nauyin abin da Gurnah ya yi da ya hana wannan Yusuf ɗin ɗaukakar da mai sunansa ya samu. Babu taskar Masar a ƙarshen labarin, sai yaro yana bin sahun sojojin Jamus da gudu, domin ba shi da wani wurin zuwa.

A nan ne kwatance da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yake da amfani, littafin da ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933 a Hukumar Fassara ta Zariya. Umar ma yaro ne da aka raba da uwarsa, ya faɗa hannun Balarabe mai fatauci, Abdulkarim, aka ƙetare Sahara da shi. Littattafan biyu sun yarda cewa ubangida yana iya zama mai kirki, mai salla, kuma duk da haka yana riƙe da ɗan wani. Inda suka rabu shi ne sakamako. Ɓalewa ya mayar da Umar shaihi mai almajirai, haƙuri ya biya shi, ko da yake wahalar uwarsa ta hana labarin zama mai daɗi zalla. Gurnah bai ba da wannan lallashi ba. Ina ganin ɗalibin da ya karanta su tare zai fahimci bauta da jingina a ƙasashen Musulmi fiye da wanda ya karanta ɗaya kawai, zai kuma koma wa Ɓalewa da sabon ido.

Akwai masu cewa irin wannan rubutu tonon asiri ne a gaban Turawa. Ban yarda ba. Marubucin da ya nuna zaluncin Aziz shi ne ya rubuta Afterlives a 2020, inda ya bi Hamza da Ilyas cikin rundunar Jamus, ya nuna ɓarnar da mulkin mallaka ya yi a Gabashin Afirka. Bai rage wa Bature laifi ba, kuma bai wanke na gida ba. Sukar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta salo. Gurnah ba ya sauri, labari yakan tsaya ya shiga cikin wani labarin, kuma a Paradise mata suna bayan katanga, da ƙyar muke jin muryarsu. A Afterlives kuwa, mace mai suna Afiya ta samu fili sosai.

Ga mutanen Sabon Garin Zariya kuwa, By the Sea na 2001 nake ba da shawara. Tsoho Saleh Omar ya sauka a filin jirgin Gatwick da sunan aro, yana nuna bai iya Ingilishi ba, dukiyarsa ɗan akwatin turaren wuta, shi ma jami'in shige da fice ya karɓe. Unguwar da ta tashi da zuwan jirgin ƙasa, aka keɓe ta don baƙi a wajen ganuwa, ta san wannan hali. Akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka haife su, amma ranar neman takardar shaidar asali sai a tuna musu garin da ba su taɓa kwana ba. Gurnah ya iya rubuta zuciyar irin wannan mutum ba tare da ya mayar da shi abin tausayi kawai ba.

Matsalar ita ce samun littattafan, domin bugun waje ya yi wa aljihun ɗalibi nauyi. Ko da Swahili, harshen uwa na Gurnah, sai a 2022 fassarar Paradise ta fito. Kirana ga sassan Ingilishi da na harsunan Afirka a Jami'ar Ahmadu Bello shi ne su haɗa Paradise da Shaihu Umar a kwas guda, Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim ya tanadi isassun kwafi, kuma a samu mai himma cikin manazartanmu ya nemi izini ya fassara littafin zuwa Hausa.