Gado ko Tarbiyya: Tarihin Binciken Halin Masu Kisan Ɗauki-Ɗai-Ɗai

Mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai shi ne wanda yake kashe mutum, ya koma cikin jama'a ya ci gaba da harkokinsa, bayan wani lokaci ya sake kashe wani. Sama da shekara ɗari ke nan masana suna jayayya a kansa: da halin aka haife shi, ko rayuwa ce ta mayar da shi haka?

Likitan Italiya Cesare Lombroso ne ya fara kafa hujjar gado da awo da ma'auni. A littafinsa na 1876 ya ce ana gane haifaffen mugu a jikinsa, ta faɗin muƙamuƙi da girman kunnuwa da tsawon hannaye. A 1913 Charles Goring ya fitar da sakamakon auna fursunonin Ingila kimanin 3,000, bai sami siffofin da Lombroso ya ce suna raba su da sauran mutane ba.

Ra'ayin bai mutu ba. A 1965 Patricia Jacobs ta ba da rahoton cewa wasu maza da ake tsare da su a asibitin Carstairs na Sikotilan suna da ƙarin ƙwayar gado ta Y. Jaridu suka ɗauki wannan ƙarin a matsayin alamar mai kisa, har suka yayata cewa Richard Speck, wanda ya kashe ɗaliban aikin jinya takwas a Shikago a 1966, yana da ƙarin ƙwayar. Gwaji ya nuna ba haka ba ne. Waɗanda suka sha wahalar wannan kuskure su ne mazan da aka haifa da ƙarin ƙwayar, aka riƙa yi musu kallon makasa alhali ba su taɓa kowa ba.

Ɓangaren tarbiyya ya sami ƙarfi daga hukumar FBI ta Amurka. Daga ƙarshen shekarun 1970, jami'anta Robert Ressler da John Douglas, tare da malamar jinya Ann Burgess, sun tattara bayanan makasa 36 da ke kurkuku. Da yawansu sun ba da labarin duka da wulaƙanci da rashin kulawa tun suna yara. Cikin waɗanda jami'an suka zauna da su akwai Edmund Kemper, wanda mahaifiyarsa take kulle shi ya kwana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Yana ɗan shekara 15 ya harbe kakanninsa biyu. Bayan an sake shi ya kashe 'yan mata shida, sannan mahaifiyar tasa da ƙawarta, ya kira 'yan sanda da kansa. Labarin yana girgiza zuciya, amma binciken yana da rauni: mutanen ba su da yawa, kuma an dogara da bakin waɗanda suka ƙware a yaudara. Ga kuma miliyoyin yaran da aka azabtar suka girma ba su cuci kowa ba.

A 2002 Avshalom Caspi da Terrie Moffitt suka haɗa ɓangarorin biyu. Sun yi amfani da binciken garin Dunedin na New Zealand, inda ake bibiyar mutum 1,037 tun suna ƙanana. Yara maza masu raunin ƙwayar gado ta MAOA sun fi faɗawa ta'asa idan an zalunce su a ƙuruciya. Waɗanda aka rena da kulawa kuwa, ƙwayar ba ta bambanta su da kowa ba. Sai dai abin da aka auna shi ne faɗa da keta doka, ba kisan ɗauki-ɗai-ɗai ba, don masu yin sa sun yi ƙarancin da ba za a gina irin wannan lissafi a kansu ba.

Duk da haka maganar ta riga ta shiga kotu, kuma da gaggawar da ta wuce abin da hujjar za ta iya ɗauka. A 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta Trieste ta rage wa wani da ya yi kisa shekara guda a hukuncinsa, bayan masana sun gabatar da sakamakon gwajin ƙwayoyin gadonsa, har da MAOA.