Malam Fatori ta fuskar Boso: rayuwa da rasuwar Laftanan-kanal Muhammad Abu Ali (1980-2016)

1. Gabatarwa

Wannan maƙala tana magana ne bisa wani hafsan sojin Nijeriya, Laftanan-kanal Muhammad Abu Ali, wanda ya rasu cikin yaƙi ranar 4 ga watan Nuwamba na shekara ta 2016. Mai karatu a Yamai yana iya tambaya: me ya sa aka ɗauko sojin wata ƙasa, alhali askarawan Nijar da suka kwanta dama a Karamga da Boso ba su ƙirguwa da yatsun hannu? Dalili shi ne wurin da ya faɗi. Malam Fatori, hedkwatar ƙaramar hukumar Abadam ta jihar Barno, ƴan kilomita kaɗan ne tsakaninta da Boso, kuma kogin Komadugu Yobe da ya raba su ana tsallake shi da ƙafa cikin rani. Abin da muke son nunawa shi ne, an san Abu Ali da ƙwato garuruwa, amma wajen riƙe gari ya mutu, kuma tarihin wannan riƙo ya shafi gaɓar kogin duka biyu.

2. Tasowarsa da yaƙin Baga

An haife shi cikin shekara ta 1980. Mahaifinsa, Birgediya-janar Abu Ali, ya riƙe gwamnan soja na jihar Bauci daga 1990 zuwa 1992, daga baya ya zama Etsu na Bassa-Nge a jihar Kogi. Ɗan ya shiga makarantar horon hafsoshi ta Kaduna a 1998, ya fito a 2003 cikin rukunin motoci masu sulke. Ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya da Darfur. Duk wanda ya san yadda ake raba aiki cikin rundunoninmu ya san ɗan gida irin wannan ba ya rasa kujera a ofis in ya nema. Shi a fagen daga aka san shi.

Sunansa ya fito ne a farkon 2015. Ranar 3 ga Janairu mayaƙan Boko Haram suka kama Baga, inda rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen tabkin Cadi take da mazauni, aka yi kisan da aka sha bamban kan adadinsa: hukumomin Nijeriya sun ce mutum 150, wasu majiyoyi sun kai lissafi har 2000. Ranar 6 ga Fabrairu aka kawo hari Boso da Difa, karo na farko da yaƙin ya shigo ƙasarmu gadan-gadan. Cikin wannan hali aka ɗage zaɓen Nijeriya daga 14 ga Fabrairu zuwa 28 ga Maris, sojinta kuma suka fita da tankoki T-72 da aka sayo ba da jimawa ba. Abu Ali, yana da muƙamin manjo, yana cikin waɗanda suka ja tankokin. Aka ƙwato Monguno tsakiyar Fabrairu, aka ƙwato Baga ranar 21 ga wata. Cikin Satumba na 2015, a Gamborun Ngala, shugaban sojin ƙasa Janar Tukur Buratai ya liƙa masa galar laftanan-kanal kafin lokacinsa ya yi.

Yawancin rubuce-rubucen yabo nan suke tsayawa, su tsallaka zuwa jana'iza. Mai nazarin tarihi bai kamata ya tsallake ba, domin abin da ke tsakani shi ne ya kai shi Malam Fatori.

3. Garin da aka kama fiye da sau ɗaya

Ba sojin Nijeriya ba ne suka fara fitar da Boko Haram daga Malam Fatori. Askarawan Nijar da na Cadi ne suka tsallaka iyaka cikin Maris na 2015, suka kama Damasak, sa'an nan suka shiga Malam Fatori a ƙarshen watan. Shugaba Idriss Déby ya koka a bainar jama'a cewa ana ƙwato garuruwa amma babu sojin Nijeriya da za a miƙa wa. Maganarsa tana da siyasa a ciki, amma ba ƙarya ba ce. Rundunar baƙi ba ta iya zama har abada cikin garin da mutanensa suka watse, galibinsu zuwa jahar Difa. Da matsi ya sassauta, mayaƙan suka sake samun gindin zama a bakin kogi. Sakamakon ya faɗo kanmu ranar 3 ga Yuni na 2016, sa'ad da aka auka wa barikin Boso, aka kashe sojoji sama da 20, cikinsu har da ƴan Nijeriya 2, aka kuma tarwatsa farar hula kimanin 50,000 bisa ƙiyasin hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya.

Bayan wannan ne sojin Nijeriya suka koma Malam Fatori da nufin zama. To, amma abokin gaba ya riga ya sake kama. Cikin Agusta na 2016 ƙungiyar ta rabe, ɓangaren Abu Mus'ab al-Barnawi ya kafu a tsibiran tabki, ya maida hankali ga barikokin soja da makaman da ke ciki. Tanka tana da daɗin aiki wajen kutsawa cikin fili da rana tsaka. Da zarar an girke ta gadin gari a ƙarshen hanya mai tsawo, wadda mai da harsashi ke wuyar isa, cikin dare, kusa da ruwa da duhuwar da maharin ya fi kowa sani, ƙarfinta ya ragu ƙwarai. A ganinmu, wannan shi ne ainihin abin da bataliyar tankoki ta 272, wadda Abu Ali yake jagoranta, ta tarar.

Sanarwar da kakakin soji Kanal Sani Usman Kukasheka ya fitar ta ce an kawo harin ne daren Juma'a kan sansanin bataliya ta 119, an kuma kore shi, an kashe mahara 14. Garin bai faɗi ba a wannan dare. Abu Ali ya rasu yana da shekara 36, ya bar mata da ƴaƴa 3. Ranar 7 ga Nuwamba aka binne shi a maƙabartar soja ta Abuja tare da sojoji 6. Sunayen waɗannan shidan ba su zaga jaridu kamar nasa ba, kuma ɗalibin da ke neman batun bincike yana iya farawa daga nan, ko daga iyalan askarawanmu da suka faɗi a Boso, tun da sauran masu shaida a raye.

Cikin 2017 rundunar Nijeriya ta sa wa wani filin harbi a dajin Sambisa sunansa. Malam Fatori kuwa ba ta huta ba. Cikin Janairu na 2025 an sake auka wa sansanin garin, aka kashe sojoji kimanin 20, cikinsu har da kwamandansu. A ƙarshen Maris na 2025 hukumomin Yamai suka ba da sanarwar janye Nijar daga rundunar haɗin gwiwa ta tabkin Cadi, wadda aka sake tsara ta a 2015 domin tsaron wannan iyaka.