Masallacin Nghar da Iyakar Jarumtar Mutum Ɗaya

A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar kan mutumin kirki a idon Bahaushe, wadda aka buga a 1974, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Babu jarumta a ciki. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin giɓi, amma abin da ya faru a ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barkin Ladi ta jihar Filato yana nuna cewa jarumtar da ke ceton rai ba ta tsayuwa ita kaɗai. Daga amana take tsirowa.

Ranar 23 ga Yuni 2018 mahara suka afka wa ƙauyukan yankin. Mutane suka gudo unguwar Musulmi, Liman Abubakar Abdullahi kuwa, dattijo mai shekara 83, ya shigar da mata cikin gidansa, maza cikin masallaci. Adadin waɗanda ya ɓoye ya kai 262, akasarinsu Kiristoci 'yan ƙabilar Berom. Da maharan suka nemi ya fito da su, ya ƙi. Ko sanda bai ɗaga ba. Ya durƙusa yana magiya, har ya ce a kashe shi a bar baƙinsa. Wanda ya saba auna jarumta da ma'aunin kirarin mayaƙa zai rasa inda zai sa wannan durƙuson, alhali shi ya tsare ƙofar.

Abin da masu yabo suka fi tsallakewa shi ne dalilin da limamin ya bayar da bakinsa: shekaru da dama kafin nan, Kiristocin garin ne suka ba Musulmi filin da aka gina masallacin. Ke nan mafakar ta riga harin da daɗewa, kuma ba hannu ɗaya ya gina ta ba. Waɗanda suka ruga can sun san ƙofar da suke nufa, don sun yi cuɗanya da mai ita.

Sai dai yabon yana da haɗari. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019, ta Najeriya ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa a 2022, kuma ya cancanta. To amma lambar yabo kan zame wa hukuma hanyar wanke hannu. Tun rikicin Jos na Satumba 2001 ake kafa kwamitocin bincike, daga na Mai shari'a Niki Tobi har zuwa na Bola Ajibola bayan tarzomar 2008, rahotanni suna taruwa, hukunci ya yi ƙaranci. Rundunar tsaro ta musamman tana jihar lokacin da aka kai harin. Me ya sa sai tsoho marar makami ne ya zama katanga?

Kuma ba kowa ya kai masallacin ba. 'Yan sanda sun fara bayyana mutum 86 da aka kashe, daga baya wasu majiyoyi suka ce sun haura 200. Washegari matasa suka tare hanyar Jos zuwa Abuja, suka far wa matafiyan da ba su san hawa ba balle sauka. Su waɗannan ba su sami limami ko fasto a bakin titi ba, sunayensu ma ba su shiga jawabin kowane bikin karramawa ba.